Zauren Tambaya: Mu'ujiza, Dokar Halitta da Kwalbar Magani

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, domin duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ga waɗanda suka fara karanta shafin nan kwanan nan: shekara 34 na yi ina koyar da fiziks a sakandare kafin in ajiye alli, kuma ni dattijo ne a ikilisiyarmu. Ba fasto ba ne ni. Abin da zan faɗa ra'ayin tsohon malamin aji ne da ya daɗe yana riƙe da littattafai biyu, ɗaya a kowane hannu.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗan aji biyu ne a jami'a, fiziks nake karantawa. Litinin zuwa Juma'a ana koya mana cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi. Ran Lahadi kuma a karanta mana cewa gurasa biyar da kifi biyu sun ƙosar da mutum dubu biyar, har aka kwashe ragowa kwando goma sha biyu. Abokina ya ce wani Bature wai shi Hume ya gama da zancen mu'ujiza tun tuni. Na fara jin kamar munafunci nake yi in na shiga sujada. Dole ne in zaɓi ɗaya?
Wani ɗalibi, daga Kafanchan

AMSA: Ɗana, munafuki ba ya rasa barci a kan irin wannan tambaya, balle ya zauna ya rubuto wasiƙa. Kwantar da hankalinka mu bi ta a sannu.

Rabin rikicin nan daga kalmar "doka" ya taso. Bahaushe in ya ji doka, abin da ke faɗo masa a rai ɗan sanda ne da kulki, da alƙali, da gidan kaso. An ce kada a yi, wani ya yi, ya karya doka. To, dutsen da ka wurga sama ya dawo, ba tsoron kotu ne ya dawo da shi ba. Abin da muke kira dokar halitta bayani ne na yadda abubuwa suke gudana, wanda aka auna, aka sake aunawa, aka ga bai saɓa ba, sannan aka rubuta shi da lissafi. Kuma kowace irinta tana tafe da sharaɗi a gindinta. Ɗauko littafinka ka sake karanta dokar motsi ta farko da Isaac Newton ya wallafa a 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, mai tafiya zai ci gaba da tafiyarsa a miƙe, sai fa idan wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Shekara da shekaru ina sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin wannan "sai fa idan", don a nan suke zubar da maki a jarrabawa. Dokar makamashin da ta dame ka ma haka take. Jimillar makamashi ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, amma a cikin tsarin da yake a rufe, wanda babu abin da ke shigarsa ko fita daga cikinsa.

Mahaifina yana da lambu a bakin rafi, da jigo yake ban ruwa, tun kafin inji ya zo garinmu. Ruwa gangare yake bi, wannan ko yaron goye ya sani. Amma kullum da sassafe ruwan rafin nan sai ya hau gaɓa, sama da tsayin mutum, ya shiga fangalin albasa. Da kwaɗon da ke cikin rafin yana da littafin fiziks, da ya rantse an karya doka. Ba abin da aka karya. Hannu ne ya shigo daga wajen rafin. Kuma da zarar an juye gugan, ruwan ya koma halinsa, ya bi gangare kamar kowane ruwa. Haka Kirista yake kallon mu'ujiza. Gurasar da taron nan ya ci, da ta shiga ciki narkewa ta yi kamar kowace gurasa. Maryamu sai da ta yi goyon ciki har kwanakinta suka cika. Li'azaru da aka kira daga kabari a Yahaya sura 11, a sura ta 12 mun same shi zaune a wurin cin abinci.

Misalin nan yana da gurgunta, gara in faɗa maka kafin abokinka ya riga ni. Mahaifina a cikin duniya yake. Ƙarfin da ya ja jigo da shi daga tuwon daren jiya ya fito, kana iya lissafa shi. Allah kuwa ba ya cikin lissafin. Saboda haka ainihin tambayar ita ce: shin halitta gaba ɗayanta rufaffen tsari ce, ba mai iya sa mata hannu? Wannan ba a auna ta a ɗakin gwaje-gwaje. Mai cewa a rufe take, matsayin falsafa ya ɗauka. Mai cewa akwai Mahalicci da ke iya sa hannu, shi ma matsayi ya ɗauka. Fiziks za ta gaya maka daidai abin da zai faru da gurasa biyar in an bar su da halinsu. Ba ta da na'urar da za ta nuna ko akwai wanda ba zai bar su ba.

Kada kuma ka sayi zancen nan cewa mutanen dā sun gaskata ne don ba su san kimiyya ba. Yusufu, wanda aka yi wa baiko da Maryamu uwar Yesu, bai shiga ajin ilimin halittu ba, amma ya san ta inda ciki ke samuwa, shi ya sa ya yi niyyar rabuwa da Maryamu a asirce (Matiyu 1:19). Da Yesu ya ce a kawar da dutsen kabarin Li'azaru, Marta 'yar'uwar mamacin cewa ta yi ai yau kwanansa huɗu, ya yi wari. Da Manzo Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, wasu ba'a suka yi masa (Ayyukan Manzanni 17:32). Wanda bai san matacce ba ya tashi ba, tashin matacce ba zai girgiza shi ba. Rubutun alli sai a baƙin allo yake fita. Littafi Mai Tsarki da kansa shi ya shimfiɗa allon: Farawa 8:22 ta ce muddin duniya na nan, shuka da girbi, sanyi da zafi, dare da rana ba za su fasa ba. Mai gaskata mu'ujiza ya fi kowa bukatar dokar halitta ta tsaya daram.

Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ƙi yarda ma a ce mu'ujiza ta saɓa wa halitta. A ganinsa ta saɓa wa abin da muka sani ne game da halitta. Da yake wa'azi a kan bikin auren Kana, inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, ya ce wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a tulunan nan, shi ne yake yin haka kowace shekara a gonar inabi: ruwan sama ya sauka, kuranga ta sha, ta ba da 'ya'ya. Sabo ne ya kashe mana mamakin. Nakan tuna da wannan duk kaka. Ka binne 'yan ƙwayoyin gero a rami, bayan wata uku ka ɗaure dami, amma ban taɓa jin wanda ya tashi a coci ya ba da shaida a kan haka ba.

Yanzu ga mutumin abokinka. David Hume masanin falsafa ne ɗan Sikotilan, a 1748 ya wallafa hujjarsa. Ya ce mu'ujiza keta dokar halitta ce, ita dokar kuwa ta tsaya ne a kan abin da ɗan'adam ya gani ya sake gani bai taɓa saɓawa ba. Don haka in aka zo maka da labarin matacce ya tashi, ka ɗora a sikeli: wanne ya fi sauƙin faruwa, matacce ya tashi, ko mai labarin ya yi ƙarya ko ido ya yaudare shi? Kullum na biyun ne zai rinjaya. Ni ina ganin girman wannan hujja, kuma kusan kowane mako ina aiki da ita in jikokina suka turo mini bidiyon wani da aka ce an tsawaita masa ƙafa a wurin taro. Sai dai tana da rami. In ka fara da cewa "ba a taɓa gani ba", ka riga ka zubar da shaidar duk wanda ya ce ya gani tun bai buɗe baki ba. Ka zama alƙalin da ya yanke hukunci kafin a kira shaidu.

A ƙarnin da Hume ya rayu, masana da yawa a Turai suna ɗaukar labarin faɗowar duwatsu daga sama tatsuniyar ƙauyawa. Sai ranar 26 ga Afrilu, 1803, duwatsu kimanin 3,000 suka zubo a kewayen garin L'Aigle na Faransa. Aka tura wani matashin masani, Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauyuka yana tambayar waɗanda suka gani, ya duba duwatsun, ya rubuta rahoto, daga nan gardama ta mutu. Ba sai mun je Faransa ba ma. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, a ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke gonarsa. Bincike daga baya ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Ka yi tunanin manomin nan ya shiga kasuwa ya ce guntun wata duniya ya faɗo masa a gona. Bisa sikelin Hume, kowa ya yi daidai da ya ƙaryata shi, alhali gaskiyarsa ce.

Kada ka ɗauki wannan fiye da nauyinsa. Duwatsun nan ba mu'ujiza ba ne, sun shiga littafin kimiyya, kuma suna ta faɗowa har gobe. Abin da labarin ya nuna kawai shi ne "ba a saba gani ba" ba ta rufe shari'a. Dole a zauna a auna shaidu.

Akwai kuma ramin da mu masu bi muke faɗawa, shi ma Newton bai tsira ba. Ya ga duniyoyi suna jan juna, ya zaci a kwana a tashi tsarin zai karkace har sai Allah ya sa hannu ya gyara. A 1715 Leibniz, masanin Jamus, ya yi masa shaguɓe cewa ke nan Allah ya ƙera agogon da sai yana gyara shi lokaci zuwa lokaci. Bayan shekaru Laplace na Faransa ya nuna da lissafi cewa karkacewar da ake gani a tafiyar Jupiter da Saturn tana zuwa ne tana komawa da kanta. Duk wanda ya ajiye Allah a gurbin da iliminsa bai kai ba, ranar da ilimi ya kai wurin zai nemi inda zai mai da shi. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, ya gane wannan. Da Paparoma Pius na 12 ya nemi ya kafa hujja da irin wannan bincike a kan farkon halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba.

Ni ga inda na tsaya. Addinin Kirista a kan mu'ujiza ɗaya ya jingina dukan nauyinsa, Bulus kuma bai ɓoye ba: in Almasihu bai tashi ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce (1 Korintiyawa 15:14). Wannan tambayar tarihi ce. Mutanen da suka watse ranar da aka kama malaminsu, me ya dawo da su tsakiyar birnin da aka kashe shi suna shela? Me ya sa labarin ya sa mata a matsayin shaidun farko, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi? Na auna, na gaskata. Na san masu hankali da suka auna ba su gaskata ba, ban kuma kira su wawaye ba. Amma abin da ya raba ni da su ba fiziks ba ne. Ka je ajinka ran Litinin, ka je sujada ran Lahadi, ka ci jarrabawarka da kyau.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne, ina bin shafinka. A wurinmu malamai sun kasa keta al'ada: mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai, istidraji kuma na wanda Allah ya yi wa talala. Ku kuna da irin wannan rabon? Sannan a wurinku wuta ce ke ƙonawa, ko Allah?
Wani malamin Islamiyya, daga Maraɗi

AMSA: Allah gafarta malam, na gode da wannan wasiƙa, har na so a ce ɗalibin da ke sama ya fara karanta ta. Kalmarku ta "al'ada" ta fi "doka" dacewa da abin da nake ta fama in bayyana masa. Abin da Allah ya saba gudanarwa ke nan, kuma mai al'ada in ya saɓa wa al'adarsa ba laifi ya yi ba.

Tambayarka ta biyu tsohuwar gardama ce, kuma ka fi ni sanin tushenta. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta faru lokacin da suka haɗu, bai ga cewa wutar ce ta aikata ba. Ibn Rushd na Kurɗuba ya mai da masa martani cewa in aka cire sabubba, an rushe ilimi gaba ɗaya. Mu ma an yi irin wannan rabuwar. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, kuma ya karanta Ibn Rushd sosai, ya tafi a kan cewa Allah ya ba wuta ƙuna ta gaske, tana aikinta a ƙarƙashin ikonsa, kuma yana iya aikatawa ba tare da ita ba in ya so. Wani limamin Faransa, Malebranche, wanda ya rasu a 1715, ya fi kusa da Ghazali: a wurinsa Allah ne kaɗai mai aikatawa na haƙiƙa. Yawancin Kiristoci bayan Akwinas suke, ni ma haka, wataƙila don na ƙare rayuwata ina auna zafi da ma'auni. Amma duka ɓangarorin sun yarda wuta tana iya ƙin ƙonawa: ku kuna da Annabi Ibrahim, mu muna da samarin nan uku a tanderun Babila, a Daniyel sura 3.

Rabon gida uku kuwa, ba mu da shi a tsare da sunaye kamar naku. Sabon Alkawari yakan ce alamu, da al'ajibai, da ayyukan iko, kuma "alama" ce ta fi nauyi, wato abin da ke nuna wani abu gaba da kansa. Amma ma'anar istidraji tana nan. Bokayen Fir'auna sun mai da sandunansu macizai. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta ce ko alamar mutum ta cika, in ya kira ku ga bautar waɗansu alloli kada ku bi shi. Yesu ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su zo suna cewa sun yi ayyukan al'ajabi da sunansa, ya ce musu bai taɓa saninsu ba (Matiyu 7:22-23).

A kan haihuwar Yesu ba uba, da warkar da makaho da kuturu, mu da ku ba mu da gardama. A gicciye da tashi muka rabu. Wannan kuwa ba zancen shafi ɗaya ba ne, sai in Allah ya haɗa mu a kan tabarma.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata mai ciwon suga da muke kula da ita ta je taron addu'a, aka ce mata ta warke, ta zubar da maganinta. Bayan mako uku aka kawo mana ita a sume. Da na yi magana a zumuntar mata, sai aka ce ba ni da bangaskiya. Yaya ake bambance warkarwar Allah da ta fatar baki?
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Gombe

AMSA: 'Yata, ki ci gaba da magana, ko za su daina gaishe ki. Na binne abokina saboda irin wannan. Tare muke waƙa a ƙungiyar mawaƙa shekara ashirin. Wani baƙon mai wa'azi ya ɗora masa hannu ya ce shan maganin hawan jini bayan addu'a shakka ce. Ya daina. Wata biyu ba su cika ba ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har ya rasu. Mai wa'azin kuwa tuni ya kwashe lasifikarsa ya yi gaba.

Ki buɗe musu Markus 1:44. Da Yesu ya warkar da kuturu, cewa ya yi ya je ya nuna kansa ga firist. A Littafin Firistoci sura 13 da 14, firist shi ne mai duba fata, ya keɓe mutum kwana bakwai, ya sake dubawa, sannan ya tabbatar. Wato Yesu da kansa ya tura wanda ya warkar wurin mai bincike. Warkarwa ta gaske ba ta tsoron gwaji. In 'yar'uwar nan ta gaskata ta warke, madalla, ta zo a gwada jininta, a yi mata gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, likita ya rage magani da hannunsa in ya ga dalili. Ki kuma tuna musu Bulus ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20), ya ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon cikinsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita. Shi kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Wace ce a zumuntar za ta ce Bulus ba shi da bangaskiya? Sannan da Iblis ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali mala'iku za su tare shi, ƙi ya yi, ya ce kada a gwada Ubangiji. Zubar da insulin, allurar masu ciwon suga, dirowa ce daga ƙololuwar Haikali.

Ke kin fi ni sanin abin da ke ruɗin mutane. A cikin ganga da ihu da zumuɗi jiki yakan danne zafi na ɗan lokaci. Asma da farfaɗiya da ciwon gaɓɓai suna lafawa su dawo. Wani tun farko ba a gano ciwonsa daidai ba. Suga da hawan jini kuwa ɓarayin dare ne, mutum yana jin garau suna cinsa.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma a wannan fanni ina sara musu. A Lourdes ta Faransa, inda miliyoyin mutane ke zuwa neman waraka, an kafa ofishin likitoci tun 1883 don binciken duk wanda ya ce ya warke. Ma'aunin da suke bi ya samo asali daga Prospero Lambertini, wanda ya zama Paparoma Benedict na 14 a 1740: ciwon ya kasance mai tsanani kuma an tabbatar da shi, warakar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta ɗore, kuma ba magani ne ya kawo ta ba. Likitocin ba sa cewa "mu'ujiza". Iyakarsu su ce ilimin likitanci na yau bai iya bayyana wannan ba, sai bishop na yankin mutumin ya yanke sauran. Cikin mutum sama da 7,000 da suka kai rahoton waraka, zuwa 2018 guda 70 kacal aka amince da su. Ta saba'in ɗin, wata sista ce mai suna Bernadette Moriau, a 2008 ta warke, sai da aka shekara goma ana bincike. Ki gwada wannan da taron da ake ƙirga mu'ujiza ɗari biyu kafin a karɓi baiko.

An ma taɓa gwada addu'a kamar yadda ake gwada magani. A 2006 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya. Waɗanda aka yi wa addu'a ba su sani ba, da waɗanda ba a yi wa ba, kusan daidai suka fito: kashi 52 da kashi 51 cikin ɗari sun sami matsala bayan tiyata. Waɗanda aka gaya musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59. Wasu masu bi sun ji haushin sakamakon. Ni ban ji ba. Addu'a roƙo ce, wanda ake roƙo kuma yana da ikon cewa a'a. Wanda binciken ya kunyata shi ne mai sayar da addu'a kamar ƙwayar da ba ta kuskure.

Kin tambaye ni yadda ake bambancewa, bari in gaya miki inda ni kaina na tsaya a tsakiya. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, 'yar autarmu tana da shekara shida. Da rana ta ce kanta na ciwo, kafin magariba wuya ya sanƙare. Asibitin ya cika har baranda. Likita ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce in shirya zuciyata. Wata ma'aikaciyar jinya irinki ta yi ta neman jijiya a hannun yarinyar nan da hasken tocila har ta samu. Matata ta kwana a durƙushe a gefen gado. Ni kuwa, malamin fiziks, na kwana ina ƙirga numfashinta da agogon hannu, ina cewa ya Ubangiji, ya Ubangiji, ba na iya ƙara komai. Da gari ya waye ta buɗe ido ta ce tana son koko.

A Lourdes da ba za su karɓi takardarta ba. An yi mata allura, kuma warakar ba ta cika ba, don kunnenta na hagu ya mutu. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro, uwarsa ta kwana tana jan carbi, hawayenta bai fi na matata ba, bai kuma gaza ba. Kafin azahar aka fitar da shi a tabarma.

Da aka ce in ba da shaida a coci, na tashi na gode wa Allah da ya bar mana ita. Na gode masa don allurar, da wanda ya ƙirƙiro ta, da matar nan mai tocila. Na roƙi jama'a su yi addu'a domin uwar yaron. Wani dattijo ya same ni a waje ya ce na rage wa shaidar armashi, me ya kawo zancen allura. Na ce masa ai a gabana aka yi ta.

Yarinyar yanzu tana da 'ya'ya uku. In ta zo gida, har yau ta damanta nake zama in zan yi mata magana.